Zuciyar Yaya

A asibitin kowa Dokta yake ce mata, amma ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta har ta ƙure shi, kuma ɗakin da aka ba ta don bincike yana can ƙarshen barandar sashen masu ciwon zuciya, kusa da wani banɗaki da ya daɗe a rufe. Kujera ɗaya ce mai laushi a ɗakin, sai tebur, sai abin awon jini, da wata na'ura mai wayoyi da ake manna wa mutum a ƙirji tana zana bugun zuciyarsa a allo.

Masu zama a kujerar duk sun taɓa ganin tashin hankali da idonsu. Akwai direbobin motar asibiti, da matan da 'yan fashi suka shigar wa gida, da waɗanda suka fita da rai daga motar da kowa ya mutu a cikinta. Takan bar mutum ya huta, ta auna shi, sannan ta roƙe shi ya ba ta labarin ranar. Wasu bakinsu na cewa ai abin ya wuce, allon kuwa yana nuna zuciyar na tsalle kamar yanzu abin yake faruwa. Duk shekara sai ta kira su su dawo.

Abin da ta gano bai yi mata daɗi ba. Waɗanda firgicin bai sake su ba, masu zabura idan ƙofa ta buga, masu kauce wa hanyar da abin ya faru, su ne zuciyarsu take daɗewa ba ta sauka ba bayan sun yi shiru. Kuma da shekaru suka tura, su ne suka fi kamuwa da hawan jini, su ne take tararwa a kwance a gadajen sashen da take ratsawa kullum da safe.

Babban likitan sashen, wani dattijo mai saurin magana, da farko dariya ya yi mata.

"Dokta, tsoro fa ba kitse ba ne. Ba ya toshe jijiya."

"Ban ce yana toshewa da kansa ba, Likita. Amma jikin da kullum yake a shirye ya gudu, yaushe zuciyarsa za ta huta?"

Ya kaɗa kai ya wuce. Daga baya dai ta ji shi yana tambayar wani majinyaci ko wani mummunan abu ya taɓa samun sa.

A gidan yayanta babu mai ce mata Dokta. Auta ce. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya kai ta makaranta, kuma har yau in ta yi masa gardama sai ya tuna mata cewa ya taɓa goya ta. Ɗan kwana-kwana ne, ya daɗe a aikin har an ba shi tawaga. Ƙato ne, mai ƙatuwar murya, wanda in yana ba da labari maƙwabta ma suna dariya ta bayan katanga.

Duk ƙarshen mako takan je can cin abincin rana. Wata Asabar suna zaune a falo, matarsa da Auta take kira Anti ta kawo shayi, Yaya ya fara tsokanarsa da ya saba.

"Ga likitar da ba ta ba da magani. Anti, kin san aikinta? Ta zaunar da mutum, ta sa shi kuka, ta ce masa sai baɗi."

"Kai ma ai kujerarka na nan tana jira," in ji Auta.

"Ni? Waɗannan wayoyin naki in kika manna min, na'urar ce za ta ji tsoro."

Yana cikin dariyar ne wata tifa ta juye duwatsu a filin da ake sabon gini a bayan gidan. Ƙarar ta girgiza tagogi. Yaya ya ƙame. Kofin ya karkace a hannunsa, shayi mai zafi yana zuba masa a cinya bai ko motsa ba. Auta tana kallon jijiyar wuyansa tana harbawa, gumi ya keto masa a goshi. Can ya ajiye kofin ya ce, "Kai, waɗannan magina ba su da tarbiyya," ya tashi ya shige ɗaki wai zai sauya wando. Ya daɗe bai fito ba.

A kicin Anti ta rage murya tana wanke kofuna.

"Kin gani da idonki, ko? Ni na gaji da ɓoyewa. Tun benen nan da ya rushe bai koma daidai ba."

Auta ta san benen. Shekaru sun shuɗe, amma kowa ya tuna: gini mai hawa da yawa, ƙasa shaguna, sama gidajen haya, ya zube da rana tsaka. Tawagar Yaya ce ta fara isa, kuma sai da aka gama tono ya dawo gida.

"Ai ya ce min ba komai," in ji Auta.

"Ke ma kin yarda? Mutumin da ba ya iya barci sai ƙofa a buɗe. Mutumin da zai zaga rabin gari don kada ya bi ta gaban inda ake zuba kankare. In na yi magana ya ce na cika sa ido." Ta kashe famfo ta juyo. "Kuma kwanan nan yana yawan dafe nan." Ta ɗora jiƙaƙƙen hannunta a ƙirji.

Auta ta tsaya tana kallonta. Shekara nawa tana zaune gaban baƙi tana neman waɗannan alamu, ga su a gidansu ana zuba musu shayi duk Asabar.

Kai shi asibiti ya zama yaƙi. Ya ce lafiyarsa lau, shi da yake hawa tsani da mesa a kafaɗa. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta daina zuwa cin abinci. Ƙarshe dai Anti ce ta ɓoye makullin motarsa ta ce ba zai gan shi ba sai ya bi ƙanwarsa.

Likita ya auna shi, ya sake aunawa a ɗaya hannun, ya tura shi hoton zuciya. Da sakamakon ya dawo ya zare tabarau.

"Oga, jininka ya hau sosai, kuma ba yau ya fara ba. Naman zuciyar ya fara kauri saboda wahalar da take sha. Za ka fara shan magani kullum, ka rage gishiri, ka dawo mu duba jijiyoyin."

"Magani ba matsala," in ji Yaya. "Gishirin ne za a kai ruwa rana."

Da suka fito baranda Auta ta ce akwai saura. Ta ce ita ba za ta iya duba shi da kanta ba tunda jininta ne, amma akwai abokiyar aikinta a hawa na sama, ƙwararriya wajen taimakon mutanen da firgici ya riƙe.

Fara'ar fuskarsa ta ɗauke.

"Wajen masu taɓin hankali za ki kai ni?"

"Ba taɓin hankali ba ne, Yaya."

"Auta, kin san wurin aikinmu kuwa? In labari ya je cewa ina ganin likitan ƙwaƙwalwa, gobe za su ɗauke ni daga mota su ajiye ni a tebur ina amsa waya. Yaran da ke ƙarƙashina za su riƙa kallona da tausayi. Ki bar ni da ƙwayoyina."

Ƙwayoyin ma shansu yake yadda ya ga dama. In kansa ya sara ya sha biyu, in ya ji garau ya manta da su. Komawa duba jijiyoyin kuwa kullum sai an jima.

Watanni bayan haka motar Auta ta lalace, ya zo ɗaukarta daga aiki da yamma. Hanyar da ya saba bi an rufe ta don gyara, 'yan sanda suka karkatar da kowa ta wani titi, cunkoso ya tsayar da su daidai gaban wani gini da ake yi. Injin kwaɓa siminti yana ta gurnani, leburori suna hawa da sauka da kwanuka a ka. Babu gaba, babu baya. Yaya ya ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito. Numfashinsa ya riƙa fita guntu-guntu.

Auta ta ɗaga gilasan motar ta ce a hankali, "Ina nan, Yaya. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi sannu."

Ya yi yadda ta ce, abin da bai taɓa yi ba. Sai kuma ya fara magana, idonsa a kan motar gabansu.

"Akwai wata mata a ƙarƙashin benen nan. Tela ce, shagonta a ƙasa. Na ji muryarta ta wani ɗan rami tsakanin kankare biyu. Na zura hannu har kafaɗa, ta kama min yatsu. Ban taɓa ganin fuskarta ba, Auta. Hannun kawai na sani."

Ya gyara riƙon sitiyari.

"Abin da ya danne ta ƙarfin mutum ba ya ɗaga shi. Sai babbar motar ɗaga kaya, ita kuma tana can wani gari ana kawo ta. Na kwanta rub da ciki ina yi mata hira don kada ta yi barci. Na ba ta labarin duk wani shirme da na sani, har dariya ta yi. Ta ce in ta fito za ta ɗinka min riga kyauta, amma sai ta sayi yadi biyu don ta ji hannuna ta san ni ƙato ne. Ana zura mata ruwa ta ƙaramin bututu. Ta tambaye ni ko rana ta faɗi. Ta sake tambaya. Daga baya ta daina tambaya, tana matsa min yatsu kawai in na kira ta. Da motar ta iso, hannun ya riga ya yi sanyi."

Na baya suka fara danna oda, hanya ta buɗe. Ya ja motar a hankali.

"In na ji ƙamshin jiƙaƙƙen siminti, nan nake komawa. Ƙirjina ya riƙa dukan nan kamar zai fashe. Ban taɓa faɗa wa Anti ba. Me zan ce mata?"

Auta ta juya fuskarta wajen taga. Sai da suka iso ƙofar gidanta ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Wannan ƙawar taki ta sama. Tana aiki ranar da ba ni da aiki?"

Ya fara zuwa, ta ƙofar baya, da hula a jawo har gira. Zuwan farko ya fito yana ƙorafin matar ta fi ɗan sanda tambaya. Amma ya koma. Anti ta ce ya fara barci mai ɗan nauyi, har ya yarda ta riƙa ba shi maganin jinin da hannunta. Wata Asabar ma ya tsaya a taga yana kallon maginan bayan gida, ya ce katangar da suke yi a karkace take. Auta ta koma gida ranar da sauƙi a ranta.

Sai aka yi ruwan sama mai ƙarfi, wani tsohon ɗakin ajiye kaya ya rufta a kan ma'aikata. Yaya yana hutu, amma da ya ji a rediyo ya sa takalmansa. Anti ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ai ba a kira shi ba. Ya ce yaransa sababbi ne, ba su san yadda ake sauraron ƙasa a gano masu rai ba, ya ɗage ta gefe a hankali ya wuce.

An ciro mutane da rai, an ciro gawawwaki. Ya dawo da ƙura har cikin kunne, ya yi wanka, ya ƙi cin abinci. Auta ta kira shi ta ce ya zo a auna shi. Ya ce gajiya ce kawai da ƙwannafi, zai zo farkon mako.

Bai kai ba. Da safe yana wanke motarsa a tsakar gida, Anti tana shanya, ta ji bokiti ya faɗi. Ta juyo ta gan shi a durƙushe ya jingina goshi da ƙofar motar, fuskarsa ta yi toka-toka, bakinsa a buɗe yana neman iska. Ihunta ne ya kawo maginan bayan gida, su suka ɗauke shi suka sa a mota.

Auta tana ɗakinta da wani direba a kujera lokacin da wata nas ta leƙo ta ce ta zo yanzu. Ta ga yayanta a kan gadon da ake turawa, an yage masa riga, an manna masa wayoyi a ƙirji. Likita ya ce mata ta tsaya a waje. Ta tsaya. Anti tana zaune a ƙasa da takalmi ɗaya, zaninta jiƙe da ruwan sabulu.

Bayan dogon jira Likita ya fito.

"Babbar jijiya ce ta toshe. Mun buɗe ta, yana raye. Amma wani sashe na zuciyar ya riga ya mutu, Dokta, kuma ba ƙarami ba ne. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Yaya ya koma gida, amma aiki ya ƙare. Aka sallame shi da takardar yabo a cikin gilashi, Anti ta rataye, ya sa ta sauke. Mutumin da yake hawa tsani da mesa ya koma ba ya iya zuwa bakin titi sai ya tsaya hutawa. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasan kai. In jiniyar motar kashe gobara ta wuce daga nesa, sai ya ɗaga kai ya bi ta da kunne har ta ɓace.

Yaran tawagarsa sukan zo gaishe shi. Yakan yi ƙoƙarin ba su dariya, amma numfashi ya yanke masa kafin ya kai ƙarshen labarin, su yi dariyar tun bai gama ba don su rage masa wahala. Ya gane, ya daina.

A cikin wannan hali ne aka ba Auta dama ta yi wa shugabannin hukumar su Yaya bayanin bincikenta. Ta tsaya a wani ɗakin taro mai sanyi ta roƙe su abu biyu: a riƙa auna jinin ma'aikata a kai a kai, kuma duk wanda ya dawo daga mummunan aiki a ba shi wanda zai yi magana da shi ba tare da an taɓa masa matsayi ba. Suka tafa mata. Wani babba ya ce mutanensu jarumai ne, ba su saba da raki ba, amma za a kafa kwamiti. Aka ɗauki hoto.

Da ta ba Yaya labari ya yi murmushi.

"Kwamiti ko? To kin ci nasara. Mu da muka roƙi sababbin safar hannu ko kwamitin ba mu samu ba." Ya huta, ya ja iska. "Auta, tambaya zan yi miki, kada ki yi min irin amsarku ta likitoci. Da na je wajen ƙawar nan taki ta sama tun farko, da abin nan bai same ni ba?"

Ta daɗe tana kallon kumburarrun ƙafafunsa.

"Ban sani ba, Yaya. Abin da na sani game da mutane da yawa ne in an haɗa su. A kan mutum ɗaya ba zan iya rantsuwa ba. Wataƙila da ya zo da sauƙi. Wataƙila da ya jinkirta."

"Wataƙila," ya maimaita. "Duk karatun nan, wataƙila." Ba da zafi ya faɗa ba. Ya miƙo hannu ya dafa mata kai kamar tana yarinya. "Ki ci gaba dai. Yaran nan nawa, akwai biyu da na ga idonsu bayan ruftawar nan. Zan turo miki su, in sun ƙi ki ce ni na ce."

Ɗaya ya zo. Ɗayan ya ce lafiyarsa lau.

Yaya ya kusa shekara a haka, yana shiga asibiti yana fita. Ya rasu wata rana da hantsi a gadon da ke kusa da taga, Anti tana gefe tana ɓare masa lemo, Auta tana riƙe da abin iskar da ya ture daga fuskarsa.

Bayan mutane sun watse, gidan ya yi wa Anti girma. Babban ɗansu da ke aiki a wani gari ya ce ta koma wurinsa. Auta ta zo taya ta haɗa kaya. Suna naɗe labule a falo, sai wata maƙwabciya ta saki bokitin ƙarfe a bayan katanga. Anti ta saki labulen ta dafe bango. Sai da ta zauna a kan wani kwali kafin ta iya magana.

"Kullum haka nake tun ranar nan. Ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai in gan shi a durƙushe jikin mota. Nan wurin ya riƙa bugawa har cikin kunnena." Ta ɗago jajayen idanu. "Auta, wannan abin da kike bincike, mu ma da muka tsaya kallo yana kama mu?"

Auta ta so ta ce a'a. Ta zauna a ƙasa kusa da ita ta kama mata wuyan hannu, ta ji jijiyar tana gudu a ƙarƙashin yatsunta.

"Yana iya kamawa, Anti."

"To ni ba ni da ƙarfin gardama irin na yayanki. Me zan yi?"

"Ki ɗaga tafiyar nan tukuna. Zan kira ɗanki in yi masa bayani. Gobe da safe zan zo in ɗauke ki mu je a auna ki, daga nan mu hau sama ki ga abokiyar aikina."

Anti ta gyaɗa kai. Suka zauna a tsakanin kwalaye har numfashinta ya daidaita, sannan ta miƙe ta ce bari ta nemo inda ta cusa butar shayi, tunda ba yau za a tafi ba.